Yadda Tela Zai Tsaya da Ƙafarsa Bayan Ya Bar Shagon Maigida

Da kai nake magana, ƙanena, kai da hannunka ya faɗa a ɗinki, ka kama ɗan shago ko ka kafa kekenka a zauren gida. Ni ma tela ne a Kano, kayan maza nake ɗinkawa, kuma na sha ganin yaran da suka fi ni iya zare da allura amma shagonsu bai kai ko'ina ba. In ka bi diddigi, abu guda za ka tarar ya kayar da yawancinsu: sun ci kuɗin aikin da ba su ɗinka ba, daga nan alkawari ya fara tashi, masu kaya suka watse. Zan zo kan wannan, amma bari mu faro daga tushe.

Kada ka bar maigidanka sai ka iya yanka. Akwai yaron da zai yi shekaru a shago yana haɗa riga da wando tsaf, amma bai taɓa riƙe almakashi a kan shaddar mutane ba. Irin wannan in ya buɗe shago, kullum yana yawon neman mai yanka masa. Ka roƙi maigida ya tsaya a kanka, ka gwada a takardar buhun siminti da yadi mai araha har hannunka ya daina rawa. In lokacin tafiya ya yi, ka tafi da albarkarsa, kada ka zagaya ka janye masa mutane. Shi ne zai turo maka aikin da ya yi masa yawa a azumin farko, lokacin da babu wanda ya san ƙofar shagonka.

Batun kayan aiki ba shi da tsawo. Baƙin keke na taka ƙafa, Butterfly ko tsohon Singer mai lafiya, ya ishe ka farawa, don ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Ka samu teburin yanka mai faɗi, da almakashin da ba ya taɓa komai sai yadi, da dutsen guga na gawayi ko da kana da na lantarki. Injin wibin, mai ɗaure bakin yadi don kada ya zare, ya biyo baya, sannan keken wuta irin su Juki in aiki ya kankama. Injin aikin kwamfuta kuwa, kada ka ci bashi dominsa. Ka kai wa masu shi, su yi maka aikin ado na wuyan riga ka biya su, har ranar da aikin da kake kai musu ya isa ya riƙe injin naka na kanka.

To, ga inda maganar take. Kowa ya san sunan da aka laƙaba mana, wai tela ba ya faɗin gaskiya. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ji, don na san mutanen kirki da yawa a wannan sana'a. Amma ka je kowace unguwa a daren Sallah ka gani: mutum zaune a kan benci tun bayan isha'i, ɗansa na barci a cinyarsa, yana kallon yadinsa a ƙulle a leda ko yanka ba a yi ba, tela kuma ya kashe waya ya ɓuya. Wannan mutumin ba zai dawo ba, kuma duk majalisar da ya zauna sai ya ba da labari.

Maganin abin lissafi ne, tun kafin a ga wata. Mu ƙaddara kana gama kaftani da wando kala biyu a rana, tun daga yanka har guga, ba tare da ka yi algus ba. Azumi kwana 29 ne ko 30. Ka cire kwana uku na ƙarshe ka bar su don gyare-gyare da guga da miƙa kaya. Ka cire wasu kwanakin don zazzaɓi, ko rasuwa a unguwa, ko keke ya ƙi, ko mai aikin wuya ya riƙe maka kaya. Abin da zai rage bai wuce kwana 22 ba, wato kala 44. Wannan shi ne iyakar hannunka, ko ka so ko ka ƙi. Ranar da ka karɓi na 44, ka rubuta a takarda ka manna a ƙofa cewa an rufe karɓar ɗinkin Sallah.

Za a gwada ka. Abokin mahaifinka zai shigo da shadda a hammata ranar ashirin ga wata, ya ce ai kai ɗansa ne. Ka tashi ka gaishe shi, ka ba shi wurin zama, ka ce: "Baba, ku yi haƙuri. In na karɓa zan ba ku kunya ranar Idi, ni kuwa ba zan iya haɗa ido da ku ba. Ga wani abokina can, hannunsa na da kyau, bari in raka ku." Zai ɗan ji zafi a ranar. Bayan Sallah zai dawo, kuma da wuri zai riƙa kawo kayansa daga nan gaba. Don ka rage irin wannan, tun watan Sha'aban ka bi tsofaffin masu kawo maka aiki da waya kana tuna musu. Ka kuma riƙe a ranka cewa azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, kuma tsakanin ƙaramar Sallah da babba kwana saba'in ne ko kusa da haka, saboda haka hutun da ke tsakaninsu gajere ne.

A sauran ranakun shekara ma haka. In ka san za ka gama Talata, ka ce Alhamis. In ka ga Alhamis ɗin ma ba za ta yiwu ba, kai za ka kira mai kaya tun Laraba, kada ka bari ya ƙona mai ya zo ya tarar da kai kana kame-kame.

Sai littafi. Ka sayi babban littafi mai bango mai tauri, kowane aiki da shafinsa. Suna da lambar waya, awo gaba ɗaya (tsawon riga, kafaɗa, hannu, ƙirji, wuya, tsawon wando, ƙugu, cinya, bakin ƙafa), ranar karɓa, ranar alkawari, kuɗin ɗinki, abin da aka bayar da abin da ya saura. Sannan ka yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin farce daga gefen yadin ka maƙala a shafin da fil. Farar shadda biyar za su iya haɗuwa a shagonka a mako guda, wannan ɗan ƙyallen ne zai hana ka ɗinka wa Malam Wane kayan Alhaji Wane. Ka warware yadin a gaban mai shi, ku auna tare, yadi biyar ne ko goma, ku duba ko da tabo ko ɓula. Shadda irin Getzner daga Ostiriya take zuwa, kuskuren almakashi guda a kanta ya isa ya cinye ribar wata. Don haka ka auna sau biyu kafin ka yanka, kuma ko wanda ka saba yi wa ɗinki ka sake sa masa tef in an kwana biyu, jiki yana canzawa. Abin da ya ragu na yadi ka naɗe ka sa masa a leda. Ba naka ba ne, ko da bai tambaya ba.

Yanzu kuɗi. Yawancin sababbin teloli farashin maƙwabci suke ji su rage kaɗan, ba su san nawa kala ɗaya ke ci musu ba. Ka zauna da biro: zare, gam (ƙyallen da ake mannawa a cikin kwala don ta tsaya), maɓalli, zif, shafin aljihu, kuɗin aikin wuya, gawayi ko fetur, abincin yaran shago, kuɗin mai gadi, gyaran keke, da kuɗin hayar shekara in ka raba shi gida goma sha biyu. Bayan duk wannan ne ladan hannunka yake hawa. Kuma lissafin ba na dindindin ba ne. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Dala da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Mu kuwa kusan duk abin da muke taɓawa daga waje yake zuwa, tunda yawancin masaƙun Kano da Kaduna sun daɗe da durƙushewa. Duk bayan 'yan watanni ka shiga Kantin Kwari ka ji yadda kaya suke, ka gyara farashinka, ka kuma faɗa wa mai kaya kafin almakashi ya taɓa yadinsa, ba ranar karɓa ba.

Ka karɓi kafin alƙalami, aƙalla rabi. Amma ka ji ni da kyau a nan, don wannan shi ne ramin da na ce maka mutane na faɗawa. Kuɗin nan amana ne a hannunka har sai ka miƙa kaya. Ka sayi kayan haɗin aikin daga ciki, ragowar ka ajiye. Wanda ya karɓi kuɗin kala ashirin ya yi cefane da su, ya sayi waya, to ya wayi gari da aikin kala ashirin a gabansa babu ko sisi da zai shigo in ya gama. Jikinsa sai ya yi sanyi da su. Sai ya karɓi sabon aiki don ya samu na zare da na abinci, ya ɗinka sabon ya danne tsohon, mai tsohon ya zo a ce masa gobe. Ƙaryar tela daga nan take tsirowa, ba wai an haife shi da ita ba.

Don ka tsare kanka, ka yanka wa kanka albashi, kaza a rana ko kaza a mako, gwargwadon cefanen gidanka, kada ka wuce shi ko ciniki ya yi kyau. Asusun shago daban, na aljihunka daban. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane suka saba da tura kuɗi ta waya, kuma in duk a asusu guda suke faɗawa ba za ka taɓa sanin na wane ne ka kashe ba. In hali ya samu ka yi wa sunan shagonka rajista a hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, da takardar za ka buɗe asusu da sunan shago, kuma makarantu da kamfanoni sun fi sakin jiki da mai ita. Adashi yana da amfani wajen tara kuɗin haya ko na sabon keke, amma ka shiga da mutanen da ka sani, kuma ka ɗauki zubin da za ka iya a watan da babu ciniki, ba wanda za ka iya a azumi ba. Bashi kuwa, in ya zama dole, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka babu abin jin kunya don ka buɗe littafi a gaban ɗan'uwanka. Ɗinkin 'yan gida ma ka ƙayyade: na mahaifi da na ƙanne kala kaza kyauta, ka sa su cikin lissafin azumi tun farko, ka kuma gama su da wuri.

Hannu kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, ko ya ci gaba ko ya koma baya. Ka je Ƙofar Wambai ka sayi tsohuwar rigar gwanjo mai kyakkyawar kwala, ka zauna da reza ka farke ta a hankali, ka ga yadda aka ɗora gam, yadda aka juya kusurwa, inda aka ɓoye ɗinki. Ka duba aikin telolin Sanigal da Mali, ka lura da yadda kafaɗarsu ke zama. Duk rigar da ka gama ka juya cikinta ka duba kafin mai ita ya duba, don wanda ya san kaya ciki yake fara kallo: zare na reto ko babu, bakin aljihu ya kwanta ko ya tattare. In aka dawo maka da gyara, ka karɓa da sakin fuska, ka gyara ba tare da ka nemi ƙari ba, ka rubuta a shafin mutumin cewa shi ba ya son hannu ya matse. Hoton da za ka sa a WhatsApp ko Instagram ka ɗauka da rana bayan guga, kuma aikinka ne kaɗai za ka sa. Wanda ya sa hoton aikin wani, ranar da aka ce ya yi irinsa zai gane kurensa.

Ka ji tausayin jikinka. Ido da baya su ne jarin tela na gaske, ka sa fitila mai haske a kan keke, ka riƙa miƙewa lokaci-lokaci. Ina roƙonka da Allah, kada wani ya ba ka ƙwaya wai don ka kwana kana aiki a goman ƙarshe. Na ga yara masu hannu da suka fara da haka, yau ba sa iya zura zare a allura. In lissafinka na farkon wata ya yi daidai, ba ka da buƙatar kwana a kan keke. Yaran shagonka ma ka sallame su su yi barci, ka ciyar da su da kyau, ka ba su na Sallah.

Bayan babbar Sallah kasuwa takan yi sanyi, musamman in ta haɗu da damina, kuɗin mutane ya tafi gona. Lokacin ne za ka kwance keke a wanke a sa mai, ka biya haya daga abin da ka tara, ka duba ko dukiyar shago ta kai nisabi ta kuma shekara, ka fitar da zakka, ɗaya cikin arba'in. Lokacin ne kuma na neman aikin da ba ya jiran Sallah: ankon biki, kayan ma'aikata, da kayan makaranta. Makarantu a watan Satumba suke buɗe sabuwar shekara, don haka tun Yuni ko Yuli, kafin a tafi dogon hutu, ka ɗinka samfur guda mai kyau ka kai wa shugaban makarantar unguwarku, boko ko Islamiyya. In kun daidaita, a rubuta adadi da farashi da ranar miƙawa, kowa ya sa hannu, a ba ka kuɗin yadi tukuna, sauran kuma a biya ka kashi-kashi duk lokacin da ka kai wani rukuni.