Yadda nake bin diddigin sunan gari a Littafi Mai Tsarki

Ina koyar da ajin yara na ranar Lahadi a sujadar Hausa, nan Idi-Araba a Legas. Ana saura mako biyu Kirsimeti na gaya musu ma'anar Baitalami ita ce "gidan burodi". Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, irin gidan burodin Agege?" Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi, amma abin ya tsaya mini a rai. Tun daga ranar ba na faɗin ma'anar suna sai na bi sawunta da kaina. Ga yadda nake yi.

Abin farko, ka ajiye sunan yadda bakinmu ya lanƙwasa shi, ka nemo shi yadda yake a Ibrananci. Ba sai ka iya karanta harufansu ba. A wayarka ka sauke manhajar Littafi Mai Tsarki mai lambobin Strong, wato tsarin da James Strong ya fitar a 1890, inda kowace kalmar asali take da lambarta. Ka buɗe Mika 5:2, ka taɓa sunan garin, za ka ga H1035. A nan za ka tarar ashe kalmomi biyu ne aka haɗa: bet da lehem.

Sai ka fasa shi gida biyu. Bet dai gida ne, kuma ba baƙonmu ba ne, ɗan'uwan "baiti" ne da ke cikin baitulmali. Da ka riƙe wannan, ƙofofi da yawa sun buɗe: Betel gidan Allah, Bet-shemesh gidan rana. Ka ƙara da be'er, rijiya, da en, idon ruwa. En-gedi ke nan idon ruwan ɗan akuya.

Lehem ce ta ba ni aiki. Gurasa ce, amma kuma tana nufin abinci gaba ɗaya, kamar yadda mutum zai ce maka "zo mu ci tuwo" alhali shinkafa ce a kwanon. A nan ne nake ba da shawarar da ba za ka samu a manhaja ba: ka tambayi wanda ya yi karatun Larabci, don harsunan biyu 'yan gida ɗaya ne. Akwai wani dattijo tela a bakin layinmu, almajirin ilimi ne sosai. Na tsugunna na gaishe shi, na ce, "Baba Malam, me ake kiran garin da aka haifi Almasihu da Larabci?" Ko ɗaga ƙafa daga keke bai yi ba, ya ce, "Baitu Laham, 'yata. Laham kuwa nama ne." Na ce to fa, mu gurasa, ku nama. Ya cire zare daga baki ya ce ai manomi da makiyayi kowa da abin da yake kira abinci. Daga baya na ga masana harshe ma bayaninsu ke nan: tushen kalmar ɗaya ne, baƙaƙe uku, l da h da m, ma'anarsa abin da ake dogaro da shi a ci.

Bayan wannan ka duba ko nassin da kansa ya faɗi dalilin sunan. Sau da yawa yakan faɗa. A Farawa 28:19 Yakubu ya farka daga mafarkin tsani ya kira wurin Betel, aka kuma gaya mana dā can sunansa Luz. A Farawa 21 Ibrahim ya ware 'yan tumaki bakwai, suka yi rantsuwa da Abimelek a kan rijiya, aka sa wa wurin Biyer-sheba. Sheba bakwai ne (ka tuna saba'in), kuma shi da kalmar rantsuwa daga tushe ɗaya suke, shi ya sa za ka ga an fassara shi ta fuska biyu. Baitalami kuwa ba a ba da labarin raɗa masa suna ba. Farawa 35:19 ta ce kawai an binne Rahila a hanyar Efrata, wato Baitalami. Amma ka karanta ayar farko ta littafin Rut da ma'anar a ranka: yunwa ta kori mutum daga gidan gurasa zuwa Mowab. Ni sai da na san sunan na ji ɗacin ayar.

Wurin da ake zamewa shi ne yarda da kunne. Na sha jin 'yan'uwanmu suna cewa Idi-Araba wai wani Idi ne aka ce "a raba". Yarbanci ne tsantsa, ma'anarsa gindin rimi. Haka sunayen garuruwan Littafi Mai Tsarki suke, wasu sun girmi mutanen da suka gaje su. Akwai masanan da ke ganin kafin Ibraniyawa, Baitalami "gidan Lahmu" ne, sunan wani abin bauta na dā, daga baya kunne ya mai da shi gurasa. Ra'ayi ne, ba kowa ya karɓa ba, kuma haka za ka gabatar da shi. Abin da ke hannu shi ne ɗan hatimin yumɓu da aka tono a Urushalima aka sanar a 2012, mai ɗauke da sunan garin tun zamanin sarakunan Yahuza.

Ka kuma tabbatar wane gari ake nufi. Baitalami biyu ne: na Yahuza, kimanin kilomita 10 kudu da Urushalima, da na yankin Zabaluna a Joshuwa 19:15, can arewa kusa da Nazarat.

Lahadin da ta biyo na shiga aji da burodin Agege guda da ƙullin tsire. Na ɗora su a tebur na rubuta bet da lehem a allo. Yaron nan ya dubi teburin ya ce, "Malama, in an gama darasi wa zai ci Larabcin?"