Yadda Ake Tsara Hutun Kwana Shida a Tsaunukan Alps da Garuruwan Bakin Tafki

Abin da ya fi ɓata wa mai gajeren hutu tafiya a yankin Alps shi ne haɗama. Mutum zai taso daga Katsina ko Daura da mako guda a hannu, yana son ya taka Suwizalan, ya leƙa Italiya, ya biya ta Ostiriya, ƙarshenta rabin hutun ya ƙare wajen jan akwati a tashoshi. Tsarin da ke aiki shi ne ƙasa ɗaya, masauki biyu, sannan a bar yanayin sama ya zaɓi ranar hawan dutse. Za mu ɗauki Suwizalan da garuruwan Luzern da Interlaken, domin a nan tafki da dutse da jirgin ƙasa suka fi kusa da juna.

Fara da wata, kafin ka duba kuɗin jirgi

Daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Satumba hanyoyin dutse a buɗe suke, jiragen ruwa na yawo a tafkuna, rana kuma tana daɗewa. Yuli da Agusta cunkoso ne da tsadar otal, don haka Satumba ta fi. Ka guji Nuwamba da ƙarshen Afrilu: lokacin ne ake rufe yawancin jiragen igiya, waɗannan ɗakunan da ke hawa dutse a rataye jikin waya, domin gyara. Jirgin ƙasa mai haƙora, wato mai maƙale layinsa da haƙoran ƙarfe don hawa dutse, na dutsen Pilatus da ke kusa da Luzern ma daga Mayu zuwa Nuwamba kawai yake aiki.

Biza da hanya

Bizar Shengen kake buƙata, kuma ana nema ne wurin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Suwizalan tana da ofishin jakadanci a Abuja. Ana karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya, amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45, saboda haka ka shigar da wata biyu a gaba. Kuɗin babba yuro 90 ne tun Yunin 2024. Inshorar lafiya ta kai ta yuro 30,000, fasfo kuma ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar dawowa. Inda mutane ke faɗuwa shi ne takardun da ba su yi daidai da juna ba: otal na kwana huɗu, tikiti na kwana tara, ko kuɗi masu yawa da suka faɗo asusu dare ɗaya babu bayani. Ka rubuta jadawalin kwanakin a shafi ɗaya, kowane dare da otal ɗinsa.

Babu jirgi kai-tsaye daga Najeriya. Daga Kano ko Abuja za ka sauya a Addis Ababa, Alkahira, Doha, Istanbul ko Frankfurt, ka sauka Zurik. Idan jirginka na sassafe ne, ka kwana a Kano; ba a dogara da hanya ranar tashi.

Kwana biyun Luzern

Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin filin jirgin Zurik, awa ɗaya da 'yan mintuna kuma ka isa Luzern. Otal ba ya ba da ɗaki sai wajen ƙarfe uku na rana, amma zai ajiye maka kaya. Ranar farko kada ka ɗora wa kanka komai. Ka ƙetara tsohuwar gadar katako ta Kapellbrücke, wadda gobara ta cinye mafi yawanta a 1993 aka sake ginawa, ka zaga bakin tafki, ka kwanta da wuri.

Rana ta biyu ta dutsen Rigi ce. Jirgin ruwa daga gaban tasha zai kai ka Vitznau cikin kusan awa ɗaya, daga nan jirgin ƙasa mai haƙora, wanda ke aiki tun 1871, ya haura da kai ƙololuwa, kusan mita 1,800. Rigi ya dace da farawa saboda tsayinsa bai kai ya wahalar da numfashi ba, jiki kuma ya fara sabawa.

Interlaken, inda ake barin jadawali a sake

Da safen rana ta uku ka shiga jirgin da ke bi ta mashigar Brünig, ɗan ƙasa da awa biyu. Zauna ta hannun dama. A Meiringen jirgin zai juya ya koma da baya. Kada ka canza kujera, tafkin Brienz ta tagarka zai fito. Interlaken tana tsakanin tafkuna biyu, Thun da Brienz, kuma tashoshinta biyu ne, Ost da West. Jiragen dutse daga Ost suke tashi, don haka ka nemi masauki kusa da ita. Da yamma ka hau dutsen Harder Kulm, mita 1,322, ka ga tafkunan biyu a ƙasanka lokaci guda.

Rana ta huɗu da ta biyar kada ka ƙayyade su tun daga gida. Ɗaya ta babban dutse ce, ɗaya ta tafki da kwari, wadda sama ta fi washewa ita ce ta dutse. Dalili kuɗi ne: zuwa da dawowa Jungfraujoch, tashar jirgin ƙasa mafi tsayi a Turai, mita 3,454, ya haura faran 200, kuɗin Suwizalan, ga wanda ba shi da katin rangwame. Idan gajimare ya rufe, farin bango kawai za ka biya ka kalla. Da dare ka duba manhajar hasashen yanayi ta MeteoSwiss, da asuba ka duba kyamarorin da ke nuna saman dutsen kai-tsaye a intanet, sannan ka sayi tikiti. Ka fita da jirgin farko-farko, domin da bazara gajimare da tsawa bayan azahar suke taruwa.

Ga wani tarko a tashar Ost: jirgi ɗaya ne, amma a Zweilütschinen yake rabuwa biyu, wani sashe ya nufi Lauterbrunnen, wani Grindelwald. Karanta allon da ke jikin taragonka kafin ka zauna. Hanya mafi sauri ita ce ta Grindelwald Terminal, inda jirgin igiya na Eiger Express ke kai mutum Eigergletscher cikin minti 15, sai jirgin ƙasa ya ƙarasa ta cikin dutse.

Sanyin wurin ba na wasa ba ne. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, to tsakanin Interlaken da Jungfraujoch akwai tazarar kusan digiri 19. Rigar sanyin da ke isarka a hunturun Katsina ba za ta yi ba: sa ta ciki mai kama jiki, da suwaita, da jaket mai tare iska, da rufaffen takalmi mai ƙarfin tafi. Baƙin tabarau dole ne, hasken dusar ƙanƙara yana cin ido. Iskar shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a can sama, shi ya sa ake jin jiri da ciwon kai. Yi tafiya a hankali, ka sha ruwa, idan abin ya ƙi lafawa ka sauko. Mai sikila, mai ciwon zuciya da mai ciki su ga likita tun a gida, in ya hana, Rigi da Harder Kulm sun wadatar.

Ranar tafki kuwa, jirgin ruwa a Brienz, a tsaya a magangarar ruwa ta Giessbach, da rana a wuce kwarin Lauterbrunnen, minti 20 daga Ost, a ga ruwan Staubbach yana zubowa daga tsayin kusan mita 300. Mai son tattaki ya tsaya kan hanyoyi masu alamar rawaya. Masu fari-ja-fari na gwanaye ne. Ka tambayi lokacin jirgin igiya na ƙarshe, yawanci tun kafin magariba suke tashi daga aiki. Rana ta shida, awa biyu da ɗan ɗoriya ta Bern ka koma filin jirgi.

Wane tikiti?

Swiss Travel Pass na kwana 3, 4, 6, 8 ko 15 ya haɗa jirgin ƙasa, bas, jirgin ruwa da Rigi gaba ɗaya, amma kashi 25 cikin ɗari kawai yake rage wa sashen sama na Jungfraujoch. Half Fare Card kuwa rabin kuɗi ake biya da shi kusan ko'ina, har can sama. Lissafa tafiye-tafiyenka a manhajar jirgin ƙasa ta SBB Mobile ka kwatanta. Mai hawa Jungfraujoch sau da yawa na biyun ya fi masa sauƙi. Yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 16 kyauta yake bin iyayensa idan an karɓi Swiss Family Card.

Salla, ci da ƙananan abubuwa

Alƙibla a can kudu maso gabas take. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, asuba kuma tun wajen uku, don haka ka tsara barci da wannan. Interlaken tana da gidajen abincin halal da dama saboda baƙin ƙasashen Larabawa. A sauran wurare, duk inda ka ga Schwein, Speck ko Schinken, alade ne, narkakken cukun da ake kira fondue kuma da giya ake haɗa shi. Tun 1 ga Janairun 2025 doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a, da tara. Ta shafi niƙabi, ba ta shafi hijabi ba.

Kuɗinsu faran ne, ba yuro ba. Soket ɗinsu daban yake da namu, ka sayi adafta. Layin waya na Tarayyar Turai ba lallai ya haɗa da Suwizalan ba, ka duba kafin ka biya. Shaguna a rufe suke ranar Lahadi in ban da na manyan tashoshi, saboda haka ka yi cefanenka a Migros ko Coop tun Asabar. Ruwan famfo ana sha. Lambar motar asibiti 144 ce, ta masu ceto a dutse 1414.