Yadda na gyara soket ɗin da na'urar ƙara ƙarfin Wi-Fi ta ƙona

Soket ɗin ya yi baƙi-baƙi a bakin rami ɗaya, ga ɗumi, ga ƙaurin roba. Mutane kan ce na'urar ce ke jan wuta da yawa, amma irinta ba ta cika wuce wat 10 ba, dutsen guga kuwa yana haura wat 1000.

Nauyinta ne matsalar. Tana rataye a bango, tana rinjayar ƙafafun filoginta ƙasa, har ƙarafan cikin soket suka saki. Inda haɗi ya yi sako-sako, wuta na tartsatsi, nan zafi ke taruwa.

Na kashe wutar gidan daga babban makunni, na sa testa na tabbatar babu wuta, sannan na kwance soket ɗin. Waya ɗaya ma ta kwance, robarta ta narke. Na yanke wurin da ya ƙone, na sa sabon soket, na ɗaure wayoyin tamau. Wanda bai saba ba, ya kira mai gyaran wuta kawai.

Yanzu na'urar tana kwance kan kanta a gajeren ekstenshin, nesa da labule, iska na ratsa ta.