Yadda ake amfani da jin ra'ayi akai-akai wajen auna aikin gamayyar kiwon lafiyar al'umma

Gamayyar kiwon lafiya takan haɗa ma'aikatan asibiti, malamai, shugabannin al'umma da ƙungiyoyin sa-kai a kan buri ɗaya, misali ƙara yawan yaran da ake yi wa rigakafi. Irin wannan buri yakan ɗauki shekaru kafin ya nuna, alhali gamayyar tana iya wargajewa cikin 'yan watanni ba wanda ya farga. Tun a 1967 masani Michael Scriven ya raba awon aiki gida biyu: wanda ake yi ana tsakar aiki don a gyara, da wanda ake yi a ƙarshe don a yanke hukunci. Na farkon ne ya dame mu a nan, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku fara da zama da mambobi, ku tsayar da abin da kuke son sani. Tsarin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar a 1999 yana da matakai shida, kuma na farkonsu shi ne jawo masu ruwa da tsaki. Tambayoyi kaɗan sun isa. Ana sauraronka a taro? Ka san aikin da ke kanka? An aiwatar da abin da aka yanke a zaman baya?

Sai tattara amsoshi, kuma nan ne aikin yake. A ƙarshen kowane taro a raba gajeriyar takarda wadda ba a rubuta suna a kanta. Kada ku raina wannan sharaɗi. Wakilin ƙaramar ƙungiya ba zai tashi a gaban jama'a ya soki babbar ƙungiyar da kuɗin tallafi ke bi ta hannunta ba, sai dai ya ce komai lafiya lau. Wanda rubutu ke yi wa wuya, a samo mutumin da ba ya cikin shugabanni ya ji ta bakinsa.

Amma takarda waɗanda suka zo kaɗai take kamawa. Don haka ku buɗe rajistar halarta, ku bi sunaye da yatsa. Idan gurbin wata wakiliya ya kasance fayau a taro uku a jere, a ɗauki waya a kira ta. Wataƙila lokacin taron ne ya ci karo da aikinta, wataƙila kuma ta kawo shawara sau biyu ba ta gan ta a rubuce cikin bayanan taro ba, ta yi zuciya. A ganina kira ɗaya irin wannan ya fi tulin takardu fa'ida.

Mataki na gaba shi ne mayar wa mutane abin da suka faɗa, a zama na gaba, a shafi ɗaya: ga abin da kuka ce, ga abin da za a yi, ga wanda ba zai yiwu ba da dalilinsa. Idan aka tsallake wannan, a karo na uku za ku ga takardu suna dawowa babu komai a jikinsu.

Daga nan ku zaɓi gyara guda ku gwada, bisa zagayen da aka fi dangantawa da Edwards Deming, masanin inganta aiki ɗan Amurka: a tsara, a gwada, a nazarta, a ɗauki mataki. In an sauya lokacin taro, a duba rajista bayan zama biyu ko uku a ga ko halarta ta ƙaru.

Duk gyaran da aka yi a rubuta shi da kwanan wata da dalilinsa. Ku ware bayanan da suka shafi tafiyar gamayyar daban, alƙaluman lafiya kamar yawan masu zuwa awon ciki daban, domin cikar ɗakin taro ba ta nufin cuta ta ragu. Ranar da masu ba da tallafi suka nemi rahoto, wannan kundin ne zai nuna musu abin da aka sauya da lokacin da aka sauya shi.