Faifan tazara a motar haɗi: yadda nake zaɓe da yadda nake ɗaurawa

Wanda ya haɗa mota da hannunsa, ya samo firam daga nan, inji daga can, ƙafafu daga wata tsohuwar mota, wata rana sai ya ci karo da matsalar janti, wato ƙarfen da taya ke hawa kansa. Ko bayan jantin ya riƙa gugar birki, ko taya ta shige ciki har tana taɓa amortisa, wato ƙarfen da ke shanye girgizar hanya, ko kuma ƙafafun baya sun fi na gaba tsukewa. A nan ne ake neman faifan tazara, wato faifan ƙarfen da ake sakawa tsakanin cibiyar ƙafa da janti don ya turo tayar waje. Aikin ba wuya gare shi ba, amma rayuwar mai mota da ta mutanen da ke gefen hanya tana rataye a kan waɗannan ƙusoshi huɗu ko biyar, shi ya sa ba na yarda yaron garaji ya yi shi ba na tsaye.

Motar haɗi sana'a ce tsohuwa a Turai da Amurka. A Ingila Colin Chapman ya fito da Lotus Seven a 1957, ana sayar da ita gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa a gida, daga baya kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973. A Amurka kuma Bruce Meyers ya fito da motar rairayi mai suna Meyers Manx a 1964, wadda ake ginawa da kayan Volkswagen Beetle. Mu a Maraɗi abin da hannu ya kai gare shi muke haɗawa da shi: ƙafafun Starlet ko Corolla, na Golf, na Peugeot, wani lokaci na Hilux idan motar daji ake so. Kayan kuwa ko daga kasuwarmu, ko a yo saƙo daga Ƙofar Ruwa a Kano. Kowace ɗaya da nata awo, kuma daga nan rikicin yake farawa.

Kafin ka fitar da ko dala, tambayi kanka ko wani jantin zai magance matsalar. A bayan kowane janti akwai lamba bayan haruffan ET, misali ET35 ko ET20. Tana nuna nisan fuskar da ke zama kan cibiya daga tsakiyar jantin, da milimita. Lamba babba, taya ta shige ciki. Lamba ƙarama, taya ta fito. Faifai mai kaurin milimita 20 a bayan janti ET35 daidai yake da janti ET15. In ka samu ET15 ɗin a kasuwa, saye shi ka huta, domin ƙarfe ɗaya ya fi ƙarfe biyu aminci. Sai in babu, ko kuma jantin da ke hannunka shi kaɗai ne ke rufe birkinka, sannan a koma ga faifai.

Awo uku nake ɗauka, kuma ina rubuta su a takarda, ba na dogara da ido. Na farko da'irar ramukan ƙusa. A ƙafa mai rami huɗu, ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. Starlet, tsohuwar Corolla da Golf 2 duk 4x100 ne, wato rami huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 100. Ford Sierra, wadda Turawa suka fi gina motar haɗi da kayanta, 4x108 ce, haka ma Peugeot 205, 206 da 306. Amma 504 da 505 namu na gado 4x140 ne, Beetle ta 1968 zuwa sama kuwa 4x130, Hilux mai rami shida 6x139.7. A kiyayi jantin Fiat, 4x98 ne. Zai shiga kan 4x100 in an matsa, mai sayarwa ma zai ce maka "ai ya zauna, Alhaji", amma kowace ƙusa a karkace take ɗaure, kuma karkatacciyar ƙusa karyewa take yi.

Awo na biyu shi ne wanda aka fi rainawa, shi ne kuma na fi damuwa da shi: faɗin ramin tsakiya. A kan cibiyar ƙafa akwai ɗan leɓe da ya fito, wanda janti ke hawa kansa ya zauna a tsakiya cif. Na ƙananan Toyota milimita 54.1 ne, na Golf 57.1, na Ford 63.4, na Peugeot 65.1. Ka ga Ford da Peugeot ramukan ƙusarsu ɗaya, amma jantin Ford ba zai hau cibiyar Peugeot ba, na Peugeot kuma zai hau ta Ford da saura milimita 1.7 yana lilo. Faifai na kirki ramin bayansa daidai yake da leɓen motarka, a gabansa kuma yana da nasa leɓen daidai da ramin jantinka. Irin faifan nan shimfiɗaɗɗe mai ramuka barkatai, wanda ake cewa yana shiga kowace mota, ba na sa shi ko kyauta aka ba ni. Da shi janti ba ya samun abin zama, sai a ɗaure shi a ɗan goce, kana kaiwa gudun 80 sitiyari ya fara rawa a hannunka. Mutum ya yi ta kai wa mai faci a daidaita taya, alhali ciwon ba a tayar yake ba.

Ku auna wannan da ma'aunin masu tur, wato masu injin sassaƙa ƙarfe, mai baki biyun nan da ke nuna kashi ɗaya cikin goma na milimita. Tef ɗin tela ba zai raba 54 da 57 yadda ya kamata ba.

Na uku zaren ƙusa da siffar mazauninta. Toyota da Ford M12x1.5 ne, wato ƙusa mai kaurin milimita 12 da tazarar zare milimita 1.5, Peugeot M12x1.25. Ido ba ya bambanta su, amma in ka tilasta notin ɗaya a kan ɗaya ka kashe zaren. Mazaunin kuma iri uku ne: mai tsini, mai kumburi irin na jantin Volkswagen na asali, da shimfiɗaɗɗe mai wosha. Jantin ne ke faɗa maka wanda zai karɓa. In za ka sayo dogayen ƙusoshi, tafi da tsohuwa ɗaya a aljihu.

Kaurin fa? Ina sa woshoshi a kan ƙusoshin, in ɗora janti, in ɗaure da hannu, in ga milimita nawa nake bukata kafin gugar ta daina. Wannan don awo ne kawai, mota na tsaye a garaji. Ba a fita titi da woshoshi ko zuwa bakin layi. Ina so in ga aƙalla milimita 3 tsakanin janti da birki, fiye da haka tsakanin taya da amortisa, don taya tana lanƙwasa a kwana. Sai in sauke motar ƙasa, in juya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu, in sa mutum biyu su hau su danna, in duba ko tayar ta taɓa murfinta. Mafi sirantar faifan da ya warware matsalar shi nake ɗauka. Tayar kuma kada ta leƙo waje da murfi, don a hanyar jar ƙasa tsakuwa za ta yi ta watsa wa masu babur.

Siririn faifai na milimita 3 zuwa 5 yakan bar sauran leɓe da janti zai kama, sai dai ka duba ƙusa ta isa. Wanda ke ba da wahala shi ne na 8 zuwa 10: ya cinye yawancin leɓen motar, kuma sau da yawa bai yi kaurin da za a fitar masa da nasa leɓen ba. In awo ya kawo ni nan, gara in matsa zuwa 15 mai leɓe da dogayen ƙusoshi. Daga 20 zuwa sama akwai irin wanda ake ɗaure shi da kansa a kan cibiya, yana ɗauke da nasa ƙusoshin da janti zai hau. Shi ma da tarkonsa: in tsoffin ƙusoshin motar sun fi faifan tsawo, kawunansu za su leƙo su tokare bayan janti. Wasu jantuna suna da ramuka a baya da ke haɗiye su, wasu babu. In babu, jantin zai yi kamar ya ɗauru alhali a kan kawunan ƙusa yake zaune. Shafa alli a kawunan, ka ɗora jantin, ka cire ka duba ko allin ya taɓa.

Ƙa'idar zare ba na sassauta ta: noti ya ci zare aƙalla gwargwadon kaurin ƙusar. A M12x1.5 milimita 12 ke nan, juyi 8 cikakku, a M12x1.25 kusan juyi 10. Ƙirga da hannunka. In bai kai ba, sai dogayen ƙusoshi masu lambar ƙarfi 10.9 a kansu. A motocin da ƙusar ke shiga cikin cibiya, irin Golf da 206, kada kuma ta yi tsawo fiye da kima, don za ta iya taɓa kayan birki a ciki. Juya ƙafar da hannu ka saurara.

Masu tur na garin nan suna da hannu, kuma za su iya fitar maka da faifai mai kyau in ka kai musu awo da ƙarfe na gari, alminiyom 6061 ko baƙin ƙarfe. Abin da nake roƙo shi ne kada a yi shi da narkakken alminiyom na masu zuba tukwane, yana da kumfa a ciki, tsagewa yake yi ba gargaɗi. Fuskokin biyu kuma su fito sumul, kauri ɗaya ko ta ina.

Ranar ɗauri, nemi wuri mai tauri, kada ka kafa jak a kan rairayi, kuma ka tokare motar da abin tsayawa kafin ka sa hannu. Goge fuskar cibiya da buroshin ƙarfe har ta yi haske. Ƙurar hunturu da tsatsa in suka maƙale a tsakani, daga baya murƙushewa suke yi, sai ɗaurin ya saki. Ɗan man giris kaɗan a kan leɓe kawai don kada alminiyom ya manne da ƙarfe. Ban da fuska, ban da zare. Faifan ya shiga da hannu ya kwanta ba tare da guduma ba. Fara kowane noti da yatsu, sannan ka ɗaure a gicciye, wannan sai wanda ke fuskantarsa, a zagaye biyu ko uku. Ƙarshen ɗauri da sifana mai awo, gwargwadon abin da masu motar da ka ciro ƙafar suka rubuta. Ƙananan Toyota 103 Nm ne, Nm kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar. Bindigar iska da tsalle a kan bututun da aka zura wa sifana suna miƙar da ƙusa har ta rasa ƙarfinta. Dama da hagu kauri ɗaya, kuma ba a ɗora faifai kan faifai.

Ka sani motar za ta canza hali, musamman in a gaba ka sa. Tayar ta yi nisa da layin da take juyawa a kansa in an karkata sitiyari, don haka kowane rami zai fi bugo maka sitiyari, kuma motar haɗi galibi ba ta da na'urar sauƙaƙa sitiyari da za ta shanye bugun. Rulma, wato boris ɗin ƙafa, shi ma nauyi ya koma masa gefe, zai gaji da wuri. Saboda haka a gaba ba na son wuce milimita 15 sai dole, a baya kuwa mota ta fi haƙuri.

Bayan ɗauri yi gwaji a hankali, ka saurari guga, ka taka birki ka ji ko tana ja gefe. In ka yi kilomita 50 zuwa 100, kamar zuwa Ɗan Isa da dawowa, sake bin kowane noti da sifana mai awo. Mai faifan da ake ɗaurewa da kansa dole ya cire janti ya duba na ciki, don su ne ba a gani. Daga nan duk lokacin da ka canza man inji, ɗaga ƙafar, kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas, duba rulma da notoci kafin motar ta sake fita.