Yadda za ka fara yi wa fim kiɗa ko ba ka da situdiyo

Kullum sai ƙannenmu sun tare ni da tambayar nan, wai yaya ake zama mai kiɗan fim, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Da farko ka raba waƙar fim da kiɗan fim. Waƙa ita ce jarumi da jaruma ke rawa a kai. Kiɗan fim kuwa shi ke bin ƙarƙashin magana, kana kallon uwa tana kuka ka ji ƙirjinka ya yi nauyi, ba ka ma lura fiyano ce ta yi maka haka ba. Wannan na biyun shi muka fi yi wa riƙon sakainar kashi, sai ka ji kiɗan biki a gidan makoki, haba dan Allah.

Nemi fiyano ko tsohuwar Yamaha ce, yatsunka su san hanya tukuna, sannan kwamfuta mai manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Cubase. Kar ka zauna jiran kuɗin situdiyo. A.R. Rahman, shahararren mai kiɗan finafinan Indiya, yana ɗan shekara 9 babansa ya rasu, da hayar kayan kiɗan baban nasa gidansu ke ci, ya yi ta buga fiyano a ƙarƙashin wani babban mai kiɗan fim, Ilaiyaraaja, ya daɗe yana kiɗan talla a wani ɗan situdiyo da ya haɗa a bayan gidansu a Madras, sai a 1992 darakta Mani Ratnam ya ba shi aikin kiɗan fim ɗin Roja, a 2009 kuma ya ɗauki kyautar Oscar guda biyu.

Ga atisayen da na fi yarda da shi. Ɗauko sin ɗin fim mai minti biyu, kashe sautinsa, ka kalle shi sau uku hannunka a aljihu. Lura da inda aka buɗe ƙofa, inda jaruma ta sunkuyar da kai, nan kiɗa zai shiga ko ya fita. Kowane babban jarumi ka ba shi ɗan gajeren sautinsa, ranar murna ka buga da sauri, ranar baƙin ciki ka ja shi a hankali da sarewa. Inda magana ta yi nauyi ka rage, wani wurin ma ka yi shiru kawai, yaran yanzu tsoron shiru suke wallahi.

Kalangu da gurmi kuma ka kira mai abin ya buga a naɗa, na cikin kwamfuta ba ya kama ƙafarsa. Kowane kiɗa ka ajiye shi daban, don darakta zai iya cewa a cire ganga ana gobe za a saki fim.

In kana Kano je Zoo Road, matattarar 'yan fim, ka liƙe wa wani oga, ko shayi ne ka dinga sayo masa. Amma ranar da aiki ya zama naka a rubuta komai, nawa ne, nawa ne kafin alƙalami, wa ke da kiɗan in ya hau YouTube, kuma sunanka ya fito a fim. Ni na taɓa yi wa wani furodusa fim sukutum a kan "za mu gyara in ya fita". Fim ya fita, lambarsa ta daina shiga.