Yadda Ake Kwance Sukurun Faifan Birki Idan Ya Kafe

A motoci da yawa, idan an cire taya, za a ga ƙaramin sukuru ɗaya ko biyu a fuskar faifan birki, kansa a nutse cikin ƙarfen har ya yi daidai da shi. Motocin Honda da Hyundai da Kia galibi biyu suke da shi masu kan gicciye, yayin da motocin Jamus irin su BMW da Volkswagen suka fi amfani da guda ɗaya mai rami kusurwa shida ko mai siffar tauraro. Aikinsa kaɗan ne, domin an sa shi ne ya riƙe faifan a jikin hob, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, kafin a ɗaura taya, notocin taya kuwa su ne ke danne faifan da gaske idan mota tana tafiya. Amma wannan ɗan ƙarfe yana iya tsayar da aikin rabin awa ya mai da shi na yini guda.

Dalilin kafewarsa yana da amfani a sani, saboda shi ne ke nuna hanyar kwance shi. Faifan birki yana yin zafi ya huce sau da yawa a kowace tafiya, ruwa da laka suna fantsama a kansa, tsatsa kuma tana shiga tsakanin ƙarƙashin kan sukurun da ramin da ya zauna a ciki. Sau da yawa wannan wurin ne ya manne, zaren da ke cikin hob kuwa lafiyarsa ƙalau. Saboda haka abin da ake bukata shi ne girgiza da za ta fasa tsatsar, kuma abin da ya wajaba a kiyaye shi ne ramin da ke kan sukurun. Yunƙurin farko shi ne ke yanke hukunci: idan sukudireba ta zame sau biyu ta cinye gicciyen, aikin ya ninku.

Da farko ka ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, kada ka dogara da jak kaɗai, domin za ka yi ta duka da guduma. Ka sa tabarau na kariya. Ina ba da shawarar a sassauta sukurun tun kafin a cire kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan idan an taka birki, saboda a lokacin wani zai iya taka birki ya hana faifan juyawa. Idan an riga an cire ta, a rataye ta da waya a jikin sifirin, kada a bar nauyinta a kan tiyon man birki.

Ka goge kan sukurun da buroshin waya, sannan ka sa tsinin ƙusa ka tone ƙasa da tsatsar da suka cika gicciyen har sai ka ga gindinsa. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali ƙurar da ba ta kai kaurin farce ba tana hana bakin sukudireba zama. Ka fesa man da ke ratsa tsatsa a kewayen kan, ka ba shi minti 15 ko fiye. Bayan haka ka ɗora ƙarfe mai faffadan baki a tsakiyar kan, ka buga da guduma sau uku ko huɗu da ƙarfi. Idan ka lura za ka ga jan garin tsatsa yana zubowa daga gefen, wannan alama ce cewa mannewar ta fara saki.

Kayan aikin da ya fi dacewa a nan shi ne sukudirebar duka, wato wadda ake riƙewa da hannu ɗaya a bugi bayanta da guduma. A cikinta akwai wata karkatacciyar hanya da ke mai da dukan ya zama juyi, don haka a lokaci guda tana danna bakin cikin sukurun tana kuma murɗa shi, kuma wannan ne ya sa ba ta zamewa. Ka tabbatar an saita ta zuwa hagu, wato ɓangaren kwancewa. Ka zaɓi baki mai lamba 3, domin mai lamba 2 ya yi ƙanƙanta kuma shi ne ya fi lalata waɗannan sukurun. A motocin Japan gicciyen an yi shi ne bisa ma'aunin JIS, wanda ya yi kama da Phillips, wato gicciyen da aka saba gani, amma ba ɗaya suke ba, don haka bakin JIS ya fi zama daram. Ka riƙe ta a miƙe, ka ɗan murɗa ta hagu har ka ji ta ɗaure, sannan ka kai mata duka mai nauyi. Duka biyu masu kyau da guduma mai nauyin kilo ɗaya sun fi ƙwanƙwasa ashirin. Idan bakin yana neman zamewa, ɗan man goge bawul a kansa yana ƙara masa kamu.

Idan ya ƙi, sai a koma ga wuta. A hura wutar gas a kan sukurun na kusan minti ɗaya, a bar shi ya ɗan huce, a sake gwada sukudirebar duka. A nan ina roƙon a yi hattara sosai. Bayan hob akwai boris da giris ɗinsa, akwai wayar na'urar ABS mai hana taya kullewa idan an taka birki, akwai tiyon birki, kuma duk zafi yana lalata su. Man da aka fesa yana kama wuta, don haka a goge shi tukuna. Mafi haɗari shi ne ruwan wanke birki mai sinadarin kulorin, wanda idan wuta ta taɓa shi yakan fitar da iska mai guba, saboda haka kada a haɗa su ko kusa.

Idan gicciyen ya riga ya cinye ya zama rami zagayayye, akwai sauran dabara. Ka ɗora tsinin kurfi kusa da bakin kan sukurun, ka buga a miƙe har ya yi ɗan gurbi, sannan ka karkatar da shi ka riƙa bugawa ta yadda zai tura kan zuwa hagu. Da zarar ya motsa ko da kaɗan ne, sauran ya zo da sauƙi.

Hanya ta ƙarshe ita ce huda, kuma ba abin tsoro ba ce. Yawancin waɗannan sukurun kaurinsu milimita 6 ne, don haka ka sa bakin huji mai milimita 6 ko sama da haka kaɗan a tsakiyar ramin, ka huda a hankali da ɗan mai. Ba sai ka yi nisa ba, kan zai rabu ya maƙale a bakin hujin kamar zobe. Ka zare faifan, za ka tarar da guntun sukurun ya leƙo daga hob, kuma tun da nauyin da ke kansa ya tafi, yawanci filaya mai kulle tana juya shi, wani lokaci ma yatsu sun isa. Bakin huji mai juyin hagu ya fi, domin yakan kama sukurun ya fito da shi tun ana cikin hudar. Ƙarfen ciro karyayyen sukuru kuwa ba na son sa a wannan aiki, saboda yana da gautsi, idan ya karye a ciki bakin huji na yau da kullum ba ya cin sa.

Wani lokaci sukurun ya fita amma faifan ya ƙi barin hob. A motocin Honda da Toyota da dama akwai ramuka biyu masu zare a fuskar faifan, sai a ɗaura bolti mai milimita 8 a kowanne, a riƙa ɗaure su bi da bi har faifan ya ɓalle.

Kafin a mayar da sabon faifai, a kankare tsatsar fuskar hob har ƙarfen ya yi haske, domin tsatsar da ta rage tana sa faifan ya zauna a karkace, birki ya riƙa rawa a ƙafa. A sa sabon sukuru, a shafa ɗan man hana kafewa a zarensa da ƙarƙashin kansa, a kula kada ya taɓa inda birki ke kamawa. A ɗaure shi da hannu kawai har ya zauna, abin da bai wuce Nm 10 a ma'aunin ƙarfin ɗauri ba a irin na Honda, sauran riƙon kuma a bar wa notocin taya.